Warin kafet a damina: abin da hodar ƙamshi ke iyawa da abin da ba ta iyawa

Tun da aka buɗe Babban Masallacin Ƙasa na Kanda a watan Yulin 2021, wanda aka gina da tallafin Turkiyya, mu ma a ɗan masallacin layinmu a Mamobi muka yi sha'awa. Muka yi karo-karo, muka naɗe tabarmin roba, muka shimfiɗa kafet bango da bango. Da hunturu lafiya lau. Amma masallacin Kanda dogo ne mai faɗi, iska na samun wurin zagayawa. Namu kuwa tagogi biyu ne, wurin alwala yana bakin ƙofa, kuma mutum ɗari na shiga da jiƙaƙƙiyar ƙafa sau biyar a rana. Ruwan watan Yuni na sauka sai wari ya tashi.

Ni aka aika neman magani, wai don ni malamin makaranta ne, zan iya karanta rubutun jikin kwalba. Na sayo hoda mai ƙamshin furanni, muka barbaɗa bayan Isha'i. Da Asuba sai ga ƙamshi da wari sun gauraye, abin ya fi na jiya muni, wani dattijo a sahun gaba yana ta atishawa cikin sujada. Bayan sallama ya juyo ya ce, "Malam, kai ma da iliminka?" Kunyar wannan safiya ce ta sa na zauna na bi diddigin yadda waɗannan kayan suke aiki.

Shi kafet ba shi da wari. Abin da ya shiga cikinsa ne ke wari. Gumi da ɓarɓashin fatar ƙafa suna zuba cikin zaren, ƙwayoyin bakteriya su ci, su fitar da wani sinadari mai tsami, shi ne warin ƙafa da kowa ya sani. Fitsarin yaro daban yake: bakteriya na juya shi zuwa amoniya, shi ne zarni, kuma ragowarsa na bushewa a gindin zare, sai danshi ya dawo ya sake tashi. Na uku fumfuna ce, mai wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Kafet da ya jiƙe bai bushe ba cikin awa 24 zuwa 48, fumfuna za ta iya kama shi, musamman ta ƙasa inda ido ba ya gani. A Akra da iskarmu ta bakin teku ke ɗauke da danshi kusan shekara duka, wannan ba wuya.

To, yawancin abin da ake sayarwa a shaguna rufe wari yake yi kawai. Turare ne mai ƙarfi da ke rinjayar hanci na wasu awoyi, ya gushe ya bar warin inda yake. Turaren wuta da iyayenmu mata ke sa wa a kasko ma haka aikinsa yake. Ina son shi, ba na kushe shi, amma bayan an gama tsafta ake sa shi.

Hodar da ke aiki da gaske yawanci bekin soda ce a cikinta, kamar irin ta Arm & Hammer, sai a ƙara ƙamshi. Bekin soda tana kashe tsami, shi ya sa take maganin warin ƙafa: ta haɗu da sinadarin ya zama gishiri wanda ba ya tashi a iska. Ke nan idan ka sayi bekin soda zalla wajen masu kayan burodi a kasuwar Nima ko Makola, ka sami asalin maganin ba tare da turaren da ke sa atishawa ba. Kada ka ruɗe da bekin hoda ta yin kek, ba ɗaya ba ce. Kada kuma ka ce kanwa ai 'yar'uwarta ce. Gaskiya dangi ne, amma kanwa ta fi ta kaifi, ga yashi da ƙasa a cikinta, tana iya ɓata launi.

Sai dai hoda tana da sharaɗi biyu, kuma duka biyun muka karya a daren nan. Dole kafet ya zama busasshe, in ba haka ba ta dunƙule ta manne. Dole kuma a fitar da ita bayan ta yi awoyi ko ta kwana, da injin zuƙar ƙura. Tsintsiya tura ta ciki take yi. A falo wataƙila a kauda kai, amma a masallaci goshi da hanci ne ke sauka kan wurin, yara masu rarrafe a gida ma haka. Mai ciwon asma shi zai fara sha. Idan ba ku da injin kuma ba inda za ku ara, ku bar hoda. Sallaya da ƙaramar darduma kuwa ana iya barbaɗa musu, a kai waje a kakkaɓe sosai.

Na feshi iri biyu ne. Febreze, wanda kamfanin Procter & Gamble ya fitar a shekarun 1990, yana da wani sinadari da ake samu daga sitacin masara, siffarsa kamar zobe. Ƙwayar warin na shiga ramin zoben ta maƙale, hanci ya daina jin ta. Dabara ce mai kyau don warin hayaƙi ko na girki, amma dattin yana nan. Ɗayan shi ne mai enzayim, kuma shi kaɗai ne ke cinye tushen warin: yana farfasa ragowar fitsari, amai, madara da gumi har su wanku. Yana son haƙuri. A jiƙa wurin har maganin ya kai inda fitsarin ya kai, a bar shi iya lokacin da aka rubuta, sannan a tsane da tsumma. Ruwan zafi ƙwarai da bilic suna lalata shi. Idan kafet ɗin na ulu ne na asali, a duba ko an rubuta ya dace da ulu, domin wasu enzayim ɗin suna cin zaren kansa.

Wanda bai sami mai enzayim ba, ruwan khal fari da aka sirka rabi da rabi da ruwa yana karya zarni, tunda tsami ne shi kuma amoniya kishiyarsa ce. Amma kar a zuba shi tare da bekin soda. Kumfar na burge mutum, ni ma ina nuna wa ɗalibaina ita a aji, amma abin da ke faruwa shi ne kowanne ya kashe ɗan'uwansa. Wanda ya fi haɗari shi ne Parazone a kan fitsari: bilic da amoniya suna ba da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu, ga shi yana cinye launi. Na ga mata da yawa suna yin haka a ɗakuna marasa taga.

A nan maganar ta taɓa sallah. Gushewar wari ba ita ce tsarki ba. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi a zango, najasa da ruwa mai tsarki ake gusar da ita, kuma mun san labarin mutumin ƙauye da ya yi fitsari a masallacin Madina, Annabi (SAW) ya sa aka zuba guga na ruwa a wurin. Saboda haka ko an sa enzayim ko khal, a bi da ruwa zalla, a tsane, a maimaita. Feshi ko hoda ba sa ɗauke wannan.

Wajen saye, juya kwalbar ka karanta baya. Idan ba ka ga komai ba sai sunan ƙamshi, turare ka saya. Nemi jerin abin da ke ciki, ranar lalacewa, da lambar rajistar hukumar FDA, wadda ke kula da sinadaran amfanin gida a Gana. Wanda aka ɗura a robar ruwa ba suna, bar shi. Kuma komai ka saya, gwada a kusurwar da ba a gani tukuna.

Kafet da ruwan kwata ya shiga lokacin ambaliya, kamar yadda mazauna gefen babbar kwatar Nima suka sani, ba wata hoda da za ta gyara shi. Wanda ya kwana biyu cikin irin wannan ruwa yar da shi ya fi. Mu dai namu ruwan alwala ne kawai. Muka ɗaga shi muka tarar da sahun farko daga ƙofa ya yi baƙi ta ƙasa, muka yanke wannan yanki, muka shanya sauran kwana biyu a rana. Yanzu akwai buhunan tsane ƙafa guda uku a bakin ƙofa da ladan ke canjawa kullum, fankoki na kwana a kunne bayan ruwan sama, kuma kowace Alhamis da dare muna aro injin zuƙa daga wani maƙwabci, a barbaɗa bekin soda bayan Isha'i, yara biyu su zuƙe ta kafin kiran Assalatu.