Hanyar Ƙauye A Kan Taswirar Duniya

A shekarar 2004 wani Bature ɗan Ingila, Steve Coast, ya kafa wata taswirar duniya mai suna OpenStreetMap. Tana cikin intanet. Ƴan sa-kai ne ke zana ta, ba a biyansu. Duk abin da aka zana, hanya ko rijiya ko kasuwa, sai a sa masa alama mai faɗin ko mene ne. Alamar iri ɗaya ce ko'ina, don baƙon da ya zo daga nesa ya gane.

To, ga inda matsala ta taso. An tsara alamomin hanya ne bisa hanyoyin Ingila. A can, hanyar da ba ta da kwalta galibi gona ko daji ta nufa. Masu zane da yawa kuwa suna zaune a Turai da Amurka, suna duban hotunan da aka ɗauko daga sama. In sun ga hanyar ƙasa, sai su ce turbar gona ce. Alhali ita motar kasuwa ke bi, ita ake bi da mai naƙuda zuwa likita. Mai kawo allurar rigakafi, in ya dubi taswira, yana iya zaton mota ba ta shiga ƙauyen.

Shi ya sa masu zane suka yi wa Afirka ƙa'ida. Ba su ƙago sababbin alamomi ba. Sun ce a dubi aikin da hanya ke yi. Wadda ta haɗa manyan garuruwa babbar hanya ce, ko da rairayi ce. Wadda ta tsaya a gona ita ce turba. Kwalta, jar ƙasa ko rairayi, wannan alama ce ta biyu, ana rubuta ta daban.

Haka ma ruwa. Gulbin Maradi yana gudu da damina, ya ƙafe da rani. Alamar kogi za a sa masa, a ƙara cewa ba kullum yake da ruwa ba. Suna ma yana da gurbi fiye da ɗaya: Zinder da Faransanci, Damagaram da Hausa.

Amma hoton sama ba ya bambanta burtali da hanyar amalanke. Makiyayi da mai gona su suka san wanne ne na shanu, kuma a wane wata ƙorama ke yanke hanya.