Me ake nufi da mayar da ofisoshi gidajen haya?

Sauya benen da aka gina don ofisoshi ne ya koma gidajen da mutane za su zauna a ciki. Maganar ta yi ƙarfi bayan annobar korona ta 2020, da ma'aikata a Amurka da Kanada suka koma aiki daga gida, benaye suka yi wayam, kuɗin hayar gidaje kuma ya yi ta hauhawa.

Aikin ya wuce shafa fenti. Benen ofis yakan yi faɗi, tsakiyarsa babu taga, banɗakunansa a wuri guda. Gida kuwa sai da haske da iska, da kicin da banɗaki nasa. Dole a ja sababbin bututun ruwa, wani lokaci har a huda ginin don rana ta shiga. Haka aka yi wa bene mai lamba 25 a titin Water da ke New York, aka fitar da gidaje kimanin 1,300.

Tsadar aikin ce ta sa hukuma ke sa hannu. Birnin Calgary na Kanada ya fara ba masu gini tallafi a 2021. Jihar New York ta yi rangwamen haraji a 2024, bisa sharaɗin a ware kashi 25 cikin ɗari na gidajen ga masu ƙaramin ƙarfi. Sauran kam sai mai hali.