COCI KO IKILISIYA? AMSA DAGA AISLAND DA WELS

Kowace Lahadi mukan ce za mu coci, amma idan fasto ya tashi yin sanarwa sai mu ji ya ce, "Ikilisiya, ku saurara." Yawancinmu mun ɗauka kalmomin nan biyu abu ɗaya suke nufi. Harsuna biyu na can arewacin Turai za su nuna mana bambancinsu.

Mutanen tsibirin Aisland suna cewa kirkja, ana furta ta "kirkya". Asalinta kalmar Helenanci ce, kuriyakon, wato "abin da yake na Ubangiji", ana nufin gidansa. Kalmar ta bi ta bakin ƙabilun Jamus da Ingila kafin ta kai tsibirin, wanda majalisarsa ta karɓi bangaskiyar Kirista wajen shekara ta 1000. Daga wannan tushe ne Turawan Ingila suka sami tasu kalmar, mu kuma muka ara muka mai da ita coci.

Mutanen Wels kuwa, da ke yammacin Birtaniya, eglwys suke cewa, wato "egluwis". Sun same ta daga Latinanci, harshen Romawa waɗanda suka mallaki Birtaniya tun daga shekara ta 43, su ma Romawan daga Helenawa suka aro ta. Ekklesiya a Helenanci taro ne na mutanen da aka kirawo. A birnin Atina haka ake kiran taron 'yan gari masu yanke shawara. Har taron hargitsin nan na Afisa, a Ayyukan Manzanni sura 19, da wannan kalma aka kira shi. Babu gini a cikin ma'anarta ta asali ko kaɗan. Ita ce tamu ikilisiya.

Ashe Aisland ta riƙe ɗaya, Wels ta riƙe ɗayar, mu kuwa Hausa ta haɗa mana duka biyun. Coci tana gaya mana ko wane ne Mai gidan, ikilisiya tana gaya mana su wane ne 'yan gidan.

'Yan'uwanmu 'yan aji shida, za ku bar ɗakin sujadar makarantar nan bana. Wataƙila aiki ko karatu zai kai waɗansunku inda babu ginin coci ko ɗaya. Kada ku ce sujada ta ƙare. Ku nemi 'yan'uwa, ko da a gindin bishiya ne, gama ku ne ikilisiyar. Allah ya kiyaye hanya.