Katin Sana'a Mai Ruwan Zinariya: Ki Yi Tambaya Kafin Ki Biya

A wannan mako filin namu zai leƙa shagon masu buga takardu ne, saboda katin nan mai rubutu da ruwan zinariya da yake yawo a jakunkunan mata a Birnin Kebbi da Argungu. Da can a katin biki muka san shi. Yanzu kuwa mai ɗinki, da mai lalle, da mai turaren wuta, har da mai dambun kifi, kowacce tana son ta miƙa ɗan katin da sunanta yake walƙiya a kai. Ba laifi ba ne. Amma fa kuɗin da za ki kai wa mai bugawa daga jarinki zai fito, wani lokaci ma kwasar adashi ce sukutum, don haka ya kamata ki san abin da kike saye.

Da farko, uwargida, kada ki bari a ruɗe ki. Babu ko ƙwayar zinariya a jikin katin nan. Abin da masu bugawa suke kira foyil wata siririyar leda ce da aka shafa wa alminiyam, ƙarfen nan mara nauyi da ake yin tukwane da shi, aka yi masa launin zinariya ko azurfa ko ja, sa'an nan aka sa danƙo a bayansa. Mutanen da ne suke aiki da zinariya ta gaskiya: masu ɗinkin littattafai a Masar da ƙasashen Turai sukan shafa farin ƙwai a fata, su shimfiɗa fallen zinariya, su danna da ƙarfe mai zafi. A shekarar 1892 wani Bajamushe mai suna Ernst Oeser ya yi rajistar fallen ƙyalli na bugawa da zafi, daga nan abin ya yi ta sauƙi har ya iso gare mu. In kin taɓa tsayawa wurin dukawa kin ga yadda suke danna ƙarfe a jan fata ya bar zane, to kin riga kin gane rabin aikin.

Hanya biyu ce ake bi, kuma a nan ne ake cutar wadda ba ta sani ba. Ta farko ita ce ta hatimi. Za a sassaƙa sunanki a jikin ɗan farantin ƙarfe, a ɗaura shi a inji, a gasa shi ya kai wajen digiri 100 ko fiye, watau zafin tafasasshen ruwa, sa'an nan a danna shi a kan fallen da katin. Duk inda ƙarfen ya taɓa, ƙyallin ya manne, sauran kuwa ya tafi da ledar. In kin shafa da yatsa za ki ji rubutun ya ɗan lotsa ciki. Wannan shi ne mai ƙarko. Tsadarsa tana wurin sassaƙa hatimin, kuma ba kowane shago yake da injin ba, shi ya sa za ki ji an ce sai an aika Kano ko Kaduna, ko ma Shomolu ta Ikko, unguwar da ta shahara da maɗaba'u.

Ta biyu ba ta bukatar hatimi. Ana buga rubutun da firinta mai garin tawada, irin ta hoton takardu, a ɗora fallen a kai, a tura cikin injin nan da ake lulluɓe takardun shaida da leda. Zafi ya narkar da garin tawadar, ƙyallin ya kama. Tana da araha, ana gamawa a yini ɗaya, amma rubutun ba ya lotsawa, kuma in katin yana da kaushi ƙyallin yakan fito da ɗigo-ɗigo, ya kuma goge in ya daɗe yana gugar makullai a jaka. Babu aibu a yi miki ta biyun, muddin ba a karɓi kuɗin ta farkon ba. Ki ce a nuna miki samfuri, ki shafa, ki kankara da farce a gaban mai shagon.

Ga kuma ɗan lissafi, 'yan makaranta su taya iyayensu. Kuɗin hatimi sau ɗaya ake biya. In an buga kati 100, kowane kati ya ɗauki kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin hatimin. In 500 aka buga, nauyin da ke kan kowane kati ya ragu sau biyar. To amma wa za ki ba kati 500? Mai yi wa maƙwabta kitso ba ta bukatarsu, domin duk unguwa an san ƙofar gidanta. Wadda abin zai amfana ita ce mai neman baƙi. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 Birnin Kebbi ta cika da ma'aikata da matansu, waɗanda ba su san ko wace ce gwanar alkaki a cikin gari ba. Argungu kuwa tana da bikin kamun kifi, wanda ya samo asali tun 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Duk shekarar da aka yi shi, baƙi kan cika bakin Matan Fada. Baƙuwar da ta sayi bandar kifi ko shinkafa a hannunki ta koma Abuja, in ta ji daɗi, ta yaya za ta sake samunki in babu lambarki a jakarta?

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Mu da muke koyarwa mun san kujerun da suke zama babu kowa ranar kasuwa, saboda an ɗora wa yarinya faranti. Da yawa cikin iyayen nan suna kulle ne, ba su da wata ƙafa sai ta 'yarsu. Ban ce kati zai kashe talla ba. Amma matar da masu saye suke kira a waya su ce a yi musu ƙuli-ƙuli na kaza ko a ɗinka musu zanen gado, ta rage bukatar tura yarinya bakin tasha da safe. Ko don wannan kaɗai na ga katin ya cancanci a yi shawara da maigida a kansa.

To me za a rubuta? A nan ne son ado yake ɓata aiki. Ƙyalli yana da kyau a kan sunan sana'a da manyan baƙaƙe, musamman a kati mai duhu, kore ko shuɗi. Amma kada ki yarda a buga lambar waya da shi. Ƙananan lambobi sukan cushe, 3 ta koma 8, kuma a hasken rana irin tamu ido ba ya iya karanta abu mai walƙiya. Ko hotonsa aka ɗauka da waya don a tura wa wata, sau da yawa fari fat yake fitowa. A buga lamba da tawada baƙa a wuri mai haske. Girman katin ya yi daidai da katin banki, watau wajen milimita 85 da 55, takardar kuma ta zama mai kauri, ki ce ta giram 300 ko 350, domin siririya takan lanƙwashe a ƙarƙashin hatimi.

Kwatancen gida kuwa, ni dai ban ba ki shawara ba. Kati ba ya zaɓen hannun da zai faɗa. Sunan unguwa ya isa, ko shagon wani ɗan'uwa inda za a riƙa karɓar saƙo, kuma in da hali a ware layin waya na sana'a daban. 'Yan mata, ku musamman, babu dalilin sa hotonku a kati.

Saura maganar rubutu. Yawancin salon baƙaƙe masu lanƙwasa da suke cikin kwamfutar masu bugawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai su sa miki k da d da b. Mai sayar da ƙosai ta koma mai kosai, wannan da sauƙi. Amma wadda ta rubuta cewa tana ɗinkin kayan ɗaki da ƙari kyauta, in ƙugiya ta faɗi, masu karatu sai sun yi ta lalube. Tun wajen 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta riƙa buga waɗannan baƙaƙe a Zariya, ba wanda zai ce miki yau ba za su yiwu ba. Ki sa a fitar miki da gwaji a farar takarda, ki kai gida, ki ba 'yarki ko ƙanwarki mai zuwa makaranta ta karanta da ƙarfi, ta kuma buga lambar a waya ku ji ta shiga. Bayan an sassaƙa ƙarfe babu gyara sai sabon biya.

In an gama aiki, ki karɓi hatiminki, tun da kuɗinki ne ya yi shi, kuma gara ki faɗi haka tun ranar ciniki. Ki naɗe shi a tsumma, ki ajiye inda damina ba za ta taɓa shi ba. Ran da katin ya ƙare, kuɗin takarda da bugu kawai za ki biya.