Tarihin da ke Ɗaure a Haɓar Zani

A ƙarshen shekarar 1949, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, wata tsohuwa mai suna Baba ta riƙa zama da wata Baturiyar Ingila mai suna Mary Smith tana ba ta labarin rayuwarta. Tsohuwar ba ta yi boko ba. An haife ta wajen 1877 a ƙauyen Karo, ta ga zamanin harin bayi da idonta, ta ga zuwan Turawa, ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba sai riƙon 'ya'yan dangi. Tana faɗa da Hausa, Mary tana rubutawa. A 1954 littafin ya fito a Landan da sunan Baba of Karo, shekara uku bayan rasuwar mai labarin.

Mijin Mary, M. G. Smith, ya yi babban littafi a kan sarautar Zazzau, masana suna ji da shi. Amma wanda yake son sanin abin da ke gudana bayan zaure, wato ƙawance da zaman kishi, goyon ciki da wankan jego, da yadda mace ke tara kuɗin kaɗi ta yi wa 'yar riƙonta kayan ɗaki, bakin Baba yake komawa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, sai da baƙuwa ta tsallako teku kafin a tambayi Baba, kuma da Turanci duniya ta fara karanta maganarta. Tsararrakinta dubbai sun tafi da nasu labarin cikin likkafani.

Bara na zauna da goggona tana tsintar shinkafa a faifai, na ce, "Goggo, ina so ki ba ni tarihinki in rubuta." Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, ni wane tarihi gare ni? Je ki wurin malamai." Kuskuren nawa ne. A kunnenta tarihi na sarakai ne da yaƙe-yaƙe. Da na koma bayan kwana biyu, sai na nuna wata tsohuwar kwalla da ke ƙarƙashin gadonta, fentinta duk ya ɓantare, na ce, "Wannan fa, wa ya saya miki?" Ba mu tashi ba sai da aka kira magariba. Daga kwallar nan muka shiga ranar da aka kai ta ɗakin miji, da ƙuli-ƙulin da mahaifiyarta ta shekara tana soyawa don a haɗa jeren, da farin da ya sa aka sayar da rabin kwanonin aka sayi dawa. Ba ta ambaci shekara ko ɗaya da lamba ba. Cewa take "bayan canjin hannu" ko "lokacin da aka canja kuɗi", wato 1972 da motoci suka koma bin dama, da 1973 da naira ta maye gurbin fam. Lissafinta bai kuskure ba.

Masu cewa rubutu ba na mata ba ne sun manta da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864 bayan ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura malamanta mata, waɗanda ake kira jaji, ƙauyuka suna karantar da matan da ake kira 'Yan Taru. To amma Nana gidan ilmi ta tashi, kuma mace mai jin tsoron alƙalami za ta ce ina ni ina ita. Wadda ta fi kusa da irin wannan mace ita ce Balaraba Ramat Yakubu. An cire ta daga firamare aka yi mata aure tana wajen shekara 13, auren ya mutu, ta koma ajin yaƙi da jahilci tana babba. Daga abin da ta gani ta kuma ɗanɗana ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ita ma ta fito da mata da yawa waɗanda a da littafin makaranta kawai suke cikawa su ɓoye a ƙasan akwati.

Sai dai gasa tana neman ƙagaggen labari mai tsari, ni kuwa damuwata tana kan wadda ko wasiƙa ba ta taɓa rubutawa ba. Ita wannan, kada a fara miƙa mata biro. A ajiye waya kusa da ita a ɗauki murya, tunda saƙon murya a WhatsApp ya riga ya zama ruwan sha ga mata. Daga baya jika ko ƙanwa ta zauna ta kwafe. Mai kwafewar ta ji tsoron Allah, kada ta gyara wa tsohuwa Hausa. In Basakkwatiya ce a bar ta da Sakkwatancinta, in ta yi karin magana a rubuta shi yadda ya fito, in ta maimaita zance sau uku akwai dalili. Wadda kuma ta yi allo ta iya ajami, ta rubuta da shi. Rubutu ne cikakke, ya girmi boko a ƙasar nan.

Akwai maganar kunya, kuma ba na cikin masu ganin ta a matsayin shingen da za a rushe. Matar da ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba za ta fara faɗa don an kunna waya ba, kuma "maigidan" da "yaron nan" da take cewa su ma wani ɓangare ne na labarin. Abin da ya wajaba shi ne ta san inda maganarta za ta je. Wani zancen na jikoki ne kawai, wani ta yarda duniya ta ji, wani kuma za ta ce a rufe sai bayan ranta. Cin amana ne a ɗauki sirrin kishiya ko na mutuwar aure a watsa don neman suna. Ita ke da labarin, ita ke da ikon cewa a goge.

Goggo ta sa na goge wuri biyu, na kuma goge a gabanta. Da na karanta mata sauran, shafi goma sha ɗaya, ta tsayar da ni a tsakiya ta ce na yi kuskure, kwallar ba ja ba ce tun asali, ruwan ɗorawa ce, hayaƙi ne ya rine ta. Na gyara. Sannan ta ce in dawo ran Juma'a da wayar, ba ta gaya mini labarin tafiyarsu Makka ta jirgi ba tukuna.