Mene Ne Finbol, Wasan da Ya Farfaɗo a Amurka?

Kalmar finbol ta yawaita a labaran kasuwancin Amurka, saboda haka ya wajaba a yi bayaninta. Akwati ne mai ƙafa huɗu, an rufe samansa da gilashi, cikinsa a karkace, inda mai wasa zai jefa kuɗi, ya harba ƙwallon ƙarfe, sa'an nan ya riƙa danna maɓallai biyu na gefe waɗanda ke motsa 'yan sanduna, domin su mayar da ƙwallon sama kafin ya faɗa rami. Kamfanin Gottlieb ne ya shigo da sandunan nan a 1947, kuma haƙiƙa su ne suka raba wasan da sa'a zalla.

Duk da haka hukumar birnin New York, wadda ta haramta shi tun 1942 bisa hujjar cewa caca ce, ba ta janye hukuncinta ba sai 1976, bayan da wani gwanin wasan, Roger Sharpe, ya nuna gwaninta a gaban majalisar birnin. Da kamfanin Williams ya daina ƙera shi a 1999, aka zaci ajalin wasan ya zo, don kuwa kamfanin Stern kaɗai ya rage, amma sai ga kamfanin Jersey Jack a 2011, gasa kuma ta yawaita.

Mai sana'ar finbol yakan sayi na'ura a kan dubban daloli, ya ajiye ta a gidan abinci ko mashaya, su raba abin da aka samu da mai wurin, galibi rabi da rabi. Wahalar tana ga gyara, domin roba na tsinkewa, wayoyi na ƙonewa, kuma wanda bai iya gyara da hannunsa ba, ribarsa ta mai gyara ce.