Musiba da Ƙaddara a Tunanin Mutanen Ƙasar Yashe

Akwai wata tambaya da ba kasafai ake yin ta a bainar jama'a a ƙasarmu ba, amma kusan kowane malamin makaranta ya taɓa jin ta daga bakin yaro: in dai Allah mai rahama ne, kuma mai iko ne a kan komai, me ya sa yake barin jariri ya mutu da yunwa, azzalumi kuma ya kwana da ƙoshi? Yawanci akan tsawata wa yaron a ce ya yi shiru, wannan saɓo ne. A ganina tsawar ba ta da amfani, domin magabatanmu ba su guje wa tambayar ba. Sun amsa ta a zaure wajen karatu, sun amsa ta a wurin zaman makoki, sun kuma amsa ta da sunayen da suka raɗa wa 'ya'yansu. Manufar wannan maƙala ita ce in tattara waɗannan amsoshi kamar yadda na same su a Yashe da ƙauyukan da ke tsakanin Kankiya da Kusada.

Yashe gari ne na mararraba. A nan hanyar da ta taso daga Funtuwa ta Malumfashi take haɗuwa da babbar hanyar Kano zuwa Katsina. Garin da ke bakin hanya kuwa shi ke fara ganin masu gudun wahala, ko daga arewa suka fito saboda fari, ko daga yamma saboda tashin hankali. Saboda haka mutanen wannan yanki sun daɗe suna kallon musiba a fuskokin baƙi kafin ta ƙwanƙwasa nasu ƙofofin.

Shekarun da aka raɗa wa suna

Bahaushe ba ya manta yunwa, don haka yake ba ta suna. Ta 1913 zuwa 1914, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, ita ake kira Kakalaba. Ta 1927 ita ce 'Yan Buhu, ta 1942 kuma 'Yar Gusau. Kafin su duka, a wajajen 1890, an yi annobar shanu wadda ta share garken Fulani har aka riƙa kiran ta Sannu, domin babu abin da za ka iya ce wa makiyayi in kun gamu sai wannan kalma. Na ƙarshe da 'yan zamanina suka gani da idonsu su ne farin 1972 zuwa 1974, lokacin Katsina na cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, sai na 1983 zuwa 1984, sai kuma sanƙarau na 1996 wanda ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, akasarinsu a Arewa.

Dattawan da na zanta da su tun ina aikin gwamnati, waɗanda iyayensu suka ga Kakalaba, suna ba da labarin yadda aka ci tafasa da yaɗiya da dusa, aka tone gidajen tururuwa don neman 'yan ƙwayoyin hatsin da suka tara. In ka tambaye su dalili, amsar farko ɗaya ce: nufin Allah ne. Amma in ka yi haƙuri ka zauna, sai magana ta biyu ta fito. Za su ce maka ruwa ya ɗauke, gaskiya ne, amma ba a ɗauke haraji ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, mutane suka rage gonar gero da dawa suka shuka abin da zai kawo kuɗin biyan haraji, wasu kuma suka sayar da abin da ke rumbu. Da fari ya zo sai ya tarar da rumbuna babu ajiyar da aka saba yi ta shekara biyu ko uku. Wato tsoho ɗaya, a zama ɗaya, yana iya ce maka Allah ne ya kawo, ya kuma nuna maka wanda ya yi laifi, ba tare da yana jin maganarsa tana karo da juna ba. Wannan shi ne abin da masu kallonmu daga nesa suke kasa fahimta, har su ce mu mutane ne masu naɗe hannu su jira ƙaddara.

Abin da aka karantar a zaure

Tushen wannan tunani yana cikin littattafan da ake karantawa a makarantun ilimi, musamman babin aƙida na Risala ta Ibn Abi Zaid da ƙaramin littafin tauhidi na Shehu Sanusi. Malamanmu na zaure suna bin tafarkin Imam Ash'ari ne. A tarihin Musulunci an yi wasu da ake kira Jabariyya, masu cewa ɗan Adam ba shi da zaɓi ko kaɗan. An kuma yi Mu'utazilawa, masu cewa mutum shi ke halittar aikinsa, don su tsarkake Allah daga jingina masa sharri. Ash'ari ya bi tsakiya: babu abin da ke faruwa a wajen ikon Allah da saninsa, amma bawa yana da kasbu, wato niyya da zaɓin da yake yi, kuma a kansu za a yi masa hisabi. Saboda haka ɓarawo ba zai ce an ƙaddara masa sata ba, alƙali ma zai ce an ƙaddara masa hukunta shi.

Daga wannan tushe ne amsar da aka fi ji a wurin ta'aziyya ta fito, wato jarrabawa. Aya ta 155 a Suratul Baƙara ta ambaci tsoro da yunwa da asarar dukiya da rayuka da amfanin gona a matsayin abubuwan da za a gwada mutane da su, kuma duk manomin da ya ji wannan jeri ya san da shi ake. Ana kawo Annabi Ayuba a matsayin hujjar cewa wahala ba alamar fushin Allah ba ce, tunda annabawa sun fi kowa shan ta. Ana kuma kawo ƙissar Annabi Musa da Halliru a Suratul Kahfi, inda aka huda jirgin talakawa, daga baya ta bayyana cewa hudawar ce ta tserar da shi daga sarki mai ƙwace. Darasin da malamai ke cirowa shi ne ɗan Adam yana ganin tsakiyar labari ne kawai, bai ga farkonsa da ƙarshensa ba. Uwar da ta rasa yaro kuwa ana ce mata ya riga ta ne ya jira ta, zai zama mai ceto.

Akwai wata amsa ta daban wadda masu wa'azi suka fi so, wato cewa musiba sakamakon zunubi ce: an tauye mudu, an hana zakka, zina ta yawaita, shi ya sa sama ta ƙi zubar da ruwa. Tana da asali a addini, kuma tana da amfani in jama'a ce ta faɗa wa kanta don ta gyara. Inda nake ƙin ta shi ne in aka nuna mutum guda da yatsa. Na sha jin ana raɗa a kan wanda gobara ta cinye rumbunsa ko wanda ciwo ya kwantar, ana cewa alhaki ne. Mai faɗin haka ya ɗora wa kansa sanin gaibu. Kuma abin lura, ba a cika faɗin wannan magana a kan mai kuɗi ba.

Sallar roƙon ruwa ta haɗa waɗannan amsoshi wuri guda. Ana fita filin idi da hantsi cikin tsofaffin tufafi, a yi raka'a biyu, liman ya yi huɗuba, a juya riga ko mayafi don fatan Allah ya juya hali. Sai dai sharuɗɗan da malamai ke gindayawa kafin fita sun fi sallar kanta nuna tunanin mutanenmu: a yi azumi, a yi sadaka, wanda ya ci iyakar gonar maƙwabcinsa ya mayar, wanda ya danne gadon marayu ya saki. A 1973 na ga an yi wannan fita fiye da sau ɗaya a damina guda, na kuma ga tsofaffin mata sun sa rigunan maza suna zaga gari, al'adar da malamai ba sa so amma ba su iya hana ta ba a lokacin.

Tsohon tunani da na maƙwabta

Wannan al'ada ta mata ta kawo mu ga abin da ya riga Musulunci zuwa. Maguzawa, waɗanda har yanzu akwai zuriyarsu a ƙasashen Malumfashi da Kafur da Matazu, ba su musun Allah, amma suna ganin ya yi nisa da harkokin yau da kullum. Ciwo da fari da mutuwar yara a wurinsu aikin iskoki ne, ko sammu, ko maita, kuma maganinsu shi ne a gano wanda aka saɓa wa a yanka masa abin da yake so. Wannan tunani ya bar sawunsa a harshenmu. Sunan cutar shan-inna ya fito ne daga imanin cewa iskar da ake kira Inna ce take shanye ƙafar yaro. Matar da take wabi kuwa, wato 'ya'yanta na mutuwa suna ƙanana, takan sa wa wanda ta haifa suna irin Ajuji ko Ajefas, don a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. Musulmi da yawa sun yi wannan ba tare da sun ɗauke shi addini ba. Illar wannan fassara ita ce dole sai an sami mai laifi a kusa, kuma sau da yawa tsohuwa marar gata ce ake kira mayya.

Hausawa Kirista na waɗannan ƙasashe, waɗanda ke da Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, su ma Ayuba suke kawowa. Suna ƙarawa da labarin makahon da aka haifa da makanta, wanda aka tambayi Annabi Isa ko laifinsa ne ko na iyayensa, ya ce ba ko ɗaya. Bambancinsu da mu shi ne imaninsu cewa Almasihu ya sha wahala tare da mutane, abin da aƙidar Musulunci ba ta karɓa ba. Amma a wurin makoki kalmomin da ake furtawa kusan iri ɗaya ne: sai haƙuri, Allah ya ba da dangana.

Dangana ba ta hana motsi

Ana cewa ƙaddara ta riga fata, ana kuma cewa Allah ya ce tashi in taimake ka, kuma baki ɗaya ne ke faɗin duka biyun. Malamai suna kawo labarin Sayyadina Umar da ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, da aka ce masa yana gudun ƙaddara ya nuna cewa juyawar ma ƙaddara ce. A shekarar yunwa ta zamaninsa ya dakatar da haddin sata. Annabi Yusuf ya tara hatsin shekara bakwai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littattafai a kan magani. Shehu Usmanu kuwa a Kitabul Farƙi ya lissafa zaluncin sarakunan Hausa ɗaya bayan ɗaya, bai ce wa talakawa su ɗauke shi a matsayin rabonsu ba. Rumbu da zakkar dami ɗaya cikin goma da cin rani duk amsoshi ne ga musiba, kamar yadda addu'a take amsa. Rigakafi ma haka: an yi gardama a kansa a 2003, daga baya sarakuna da malamai suka shige gaba, a 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayar shan-inna ta asali daga Nijeriya.

Musibar da ta fi gwada wannan tunani a zamaninmu ita ce ta 'yan bindiga, domin ita ba daga sama ta sauko ba. A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A Agusta 2025 aka kashe masallata suna sallar asuba a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi. Wanda aka kashe yana sujada ba za a ce zunubinsa ne ya jawo masa ba, kuma mai wa'azin da ya ce wa iyalinsa laifin jama'a ne kawai ya ƙara musu ciwo. A nan malaman Malikiyya irin su Alƙarafi na Masar suna da wani bambanci da ya kamata malaman makaranta su sani: yarda da hukuncin Allah daban, yarda da abin da aka hukunta daban. Wajibi ne mumini kada ya tuhumi Ubangijinsa, amma ba a ɗora masa son zalunci ko yin shiru a kansa ba. Marar lafiya ya yarda da likitansa, wannan bai sa ya ce magani ba ɗaci.

Da wasu ƙananan hukumomi irin su Jibiya da Batsari suka yi sulhu da 'yan bindiga a 2025, sai tambayar ta ɗauki wata siffa. Wata mata da aka kashe mijinta, wadda ta dawo wurin danginta a wannan yanki, ta aika a tambayar mata wani malamin zaure ko sulhun yana nufin dole ta yafe. Amsar da ya bayar ita ce wadda ke cikin littattafai tun da daɗewa. Hukuma tana iya ajiye makami don maslahar jama'a, amma jinin mamaci haƙƙin magadansa ne, ba na hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma ba. Laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa tuba na shafe shi, wanda ke tsakanin bawa da bawa kuwa yana nan sai mai haƙƙi ya yafe da kansa. In ta yafe tana da lada, in ta riƙe har ranar hisabi ba ta yi laifi ba. Matar ta ce za ta riƙe.